Ango sojan ruwa ne: yaya kuka yi da sa rana?

Amarya daga Kano: Assalamu alaikum. Wanda zan aura sojan ruwa ne, yana aiki a Fatakwal. Iyayena sun so a sa rana bayan Babbar Sallah, shi kuma ya ce ba shi da tabbacin yana tudu a lokacin. Baba har ya fara cewa ko yaron nan wasa yake mana. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah ku taimaka min da shawara.

Matar soja, Ojo, Legas: Wa alaikumussalam ƙanwata. Ba wasa yake ba wallahi. A watan Janairun 2017, da shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, Najeriya ta tura jirgin NNS Unity zuwa Gambiya. Maigidana na ciki, ni kuma ina da tsohon ciki. Na haihu ba ya nan, wayarsa ma ba ta shiga. Suna kuwa ba ya jiran kowa. Abin da ya taimake mu, kafin ya tafi ya bar wa ƙaninsa suna biyu, na namiji da na mace, da kuɗin rago. Ƙanin ya yi huɗuba, aka yanka rago ranar bakwai. Taron dangi sai da ya dawo muka yi. Tun daga nan na raba hidimominmu biyu: masu ƙayyadaddiyar rana, kamar suna da layya, a naɗa musu wakili tun da wuri, masu ɗaguwa kuma a jira mai gida.

Tsohon sojan ruwa, Kaduna: 'Yata, ki gaya wa mahaifinki ya kwantar da hankalinsa. Hutu a rubuce ake nema, kwamanda ya sa hannu, amma ko an ba ka, sigina ɗaya, wato saƙon umarni daga sama, ta isa ta maido ka bakin aiki. Ku tambaye shi abu uku: yaushe jirginsu zai shiga gyara, ko akwai kwas a gabansa, ko kuma za a mayar da shi aikin tudu. Lokacin gyara ya fi kowane lokaci aminci, don jirgin da aka kwance wa inji ba ya zuwa ko'ina. Ku kauce wa lokacin manyan atisaye irin Obangame Express da ake yi duk shekara a mashigin tekun Gini. Ku kuma lissafa hanya: Fatakwal zuwa Kano a mota, zuwa da dawowa, za ta ci kusan rabin fas, wato gajeren hutun da ake ba soja.

Malami daga Zariya: Ɗaurin aure dai ba sai ango yana wurin ba. Wakilinsa ya karɓa masa, ga waliyyi, ga shaidu, ga sadaki, aure ya ɗauru.

Gwaggo daga Katsina: Allah gafarta Malam, ya ɗauru, amma mu muka san abin da ke biyo baya. Haka muka yi wa 'yar yayata. Aka ɗaura, aka watse, yarinya ta zauna gidan iyayenta wata da watanni, ba budurwa ba, ba matar gida ba. Surutun unguwa kaɗai ya ramar da ita. Ni shawarata, a ɗaura kusa da lokacin tarewa. Kada a buga rana a katin walima, kada a biya kuɗin wurin taro gaba ɗaya, abinci kuma a bari sai ya kira ya ce ga shi a mota.

Matar soja, Ojo: Gwaggo ta yi gaskiya. Ƙari ɗaya: in ya faɗa miki ranar tashin jirginsu ko dawowarsa, kada ta shiga zauren WhatsApp na dangi. Laifi ne a wurinsu, shi zai amsa tambaya.

Amarya daga Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tambaye shi, ya ce akwai kwas da zai je bayan Sallah, yana gamawa zai nemi hutu. Baba ya yarda a tsayar da wata yanzu, ranar kuma sai takardar hutun ta fito.