Layi ne ko launi?

Alhaji Tanko, Aboabo: A asibitocin Kumasi yanzu sai mai furotoko, wato mai hanya. Mutum ya kama layi tun asuba, wani ya zo da hantsi a wuce da shi ciki. Zalunci ne tsagwaronsa.

Sista Ramatu: Alhaji, ɗakin gaggawa ba ya aiki da layi, launi ake bi. A auna numfashi, bugun zuciya, hawan jini da zafin jiki, a duba ko da ƙafarsa ya shigo, ko yana cikin hayyacinsa, ko rauni ya ji. Sai a haɗa maki. 7 zuwa sama ja ne, a duba shi nan take. 5 ko 6 ruwan lemo, minti 10. 3 ko 4 rawaya, awa ɗaya. Ƙasa da haka kore, har awa huɗu.

Malam Issaka: Layi ne mana, Sista. Kore goma a benci guda, wa za ki fara kira?

Sista Ramatu: Wannan jira ne.

Malam Issaka: Suna kawai kika canza. Kuma kin bar rabin aikin. Mai ciwon ƙirji ko makinsa 1 ne, ruwan lemo yake. Sukarin jini ƙasa da 3, ja, ba a tsayawa lissafi.

Anti Fati, Nima ta Accra: Ɓarnar a wajen numfashi take. A ƙyalla ido kan ƙirji a rubuta 20, alhali mutum yana yin 30 a minti, wanda shi kaɗai maki 3 ne. Sannan wanda aka ba kore da safe, in ya fara gumi yana sulalewa daga benci, dole a sake auna shi. Launin ba hatimi ba ne. Af, kuma ruwan goro ake cewa, ba ruwan lemo ba.

Malam Issaka: Asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi na aiki da wannan tsarin na Afirka ta Kudu tun 2010. Ba 'yan Nima za su koya mana launi ba.

Anti Fati: Ka je ka tauna goro ka tofar, ka ga kalar.

Alhaji Tanko: To furotokon fa?

Shugaban zaure: Mu rufe. An gamsu babu layi, Sista Ramatu ta fi kowa hujja, kuma ruwan lemo ne, yadda muke faɗa a Kumasi.

Malam Issaka: Wa ya gamsu?