Neman kalma: harsashin da aka yi wa ɗuri fiye da ƙima

Mai fassara, Tudun Wada: Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ga wata kalma ta tsaya min a wuya tun jiya. Ina fassara wani gargaɗi ne a kan bindigogin farauta, sai na ci karo da "overcharge". Ba tsawwala farashi ake nufi ba, ba kuma cajin waya ba. A Amurka da wasu ƙasashen Turai maharbi kan tsince kwanson harsashin da ya harba, ya sake zuba masa albarushi, ya sa sabon kai, ya mayar da shi harsashi. Wannan na kira shi ɗurin hannu, kuma ya zauna min. To idan albarushin da ya zuba ya zarce abin da bindigar za ta iya ɗauka fa? Na rubuta "harsashi mai zafi", domin su ma Turawan haka suke ce masa a bakinsu, amma raina bai kwanta ba.

Jikan maharbi, Ƙofar Gayan: Wa alaikumus salam. Malam, goge "mai zafi" ɗin nan tun kafin wani ya gani. In ka ce wa maharbi harsashinka mai zafi ne, kirari ka yi masa, gobe da sassafe zai zo neman irinsa. Ni dai "ɗuri" ya yi min, don ita ce kalmar da kakana yake faɗa in zai ɗura adakarsa. Da ƙaramin ƙaho yake awon albarushi, ya shafe bakin da yatsa kamar mai awon gero, ko ƙwaya ba ya ƙarawa. Me zai hana a ce maƙararren ɗuri?

Tsohon soja, Sabon Gari: Ɗana, maƙare na nufin an cika har baki, kuma nan ne kuskuren yake. Kwanso yana iya zama bai cika ba amma ya riga ya zama ajali. Albarushin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ba ɗaya yake da baƙin albarushin kakanka ba. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da shi a 1884, kuma iri-iri ne: wani yana ci a hankali, wani kamar ƙiftawar ido. In mutum ya yi kuskure ya zuba mai saurin ci a kwanson babbar bindiga, ko da sauran wuri a ciki, ƙarfe sai ya tsage. Abin da ke kisa matsin iskar da ke tashi ne a cikin bututu. Ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera bindigogi da harsasai a Amurka, da aka kafa a 1926, ta sa wa harsashin .308 Winchester iyakar matsi 62,000 a ma'aunin da mai faci yake buga wa tayar motarka 30 da ɗoriya. Ku auna wannan, a kusa da kuncin mutum, tazarar ba ta kai kamu ɗaya daga idonsa ba. Kuma matsin ba ya hawa daki-daki. In an kusa iyaka, ɗan ƙari kaɗan sai ya yi tsalle. Zafin rana ma yana ƙara shi: harsashin da ya yi lafiya lau da sanyin hunturu yana iya yin gardama in ya wuni cikin mota a watan Afrilu na Zariya.

Malama, Samaru: Baba ya kawo mu kan hanya. Tunda ba cika ba ce matsalar, ƙetare iyaka ce, kalmar ta fito daga awo. Ɗurin wuce-awo. Ginin Hausa ne sak, irin su faɗi-tashi da shiga-sharo-ba-shanu, kuma ba ta yabon abin.

Mai fassara: Malama, ta shige ni. Saura alamomin. Rubutun ya ce a lura da ɗan maɓallin gindin kwanso, wanda ake bugawa wuta ta tashi. Na sa masa ƙyastu, ko na yi nisa?

Tsohon soja: Bar shi, kowa zai gane. Ƙyastun nan in ka ga ya baje ya yi fatse, ko ya huje, ko sakatar bindiga ta ƙi buɗuwa sai da duka, ko gindin kwanso ya fito da tambari mai sheƙi, an wuce awo. Amma ka rubuta musu cewa alamun nan a makare suke zuwa. Sau da yawa kafin su bayyana an daɗe da ƙetare iyaka, wani lokacin kuma alamar farko ita ce fashewar. Ka kuma ƙara layi ɗaya da ba ya cikin na Turawa: a nan dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya haɗa harsashi a ɗakinsa haka kawai ba.

Jikan maharbi: Baba, ai mu namu wuce-awon a adaka yake faruwa. Akwai wani abokin kakana, Allah ya jiƙansa, da ya farke harsasan kanti ya juye albarushinsu a bututun da maƙeri ya yi masa, wai don ta fi kai wa nesa. Ina yaro na san shi, da yatsu biyu yake riƙe kofin shayi, ɗan yatsa da babba, sauran sun tafi a dajin bayan Kufena. Kakana bai taɓa kiran abin da wani suna ba sai ci-mai-shi.

Malama: Kai, wannan ta fi tawa kaifi. Sai dai ba ta faɗi abin da aka yi ba, sakamakon ta faɗa. Bindiga mai tsatsa ma ci-mai-shi ce, haka wadda ƙasa ta toshe wa baki.

Mai fassara: To na yanke. A cikin jimla zan sa ɗurin wuce-awo, a kan babban layin gargaɗi kuma ci-mai-shi da jan rubutu. Wanda ya ba ni aikin ya ce gobe bayan Azahar yake so, kuma har yanzu ban san me zan kira ɗan mizanin da suke awon albarushin da shi ba.

Jikan maharbi: Sikeli mana, Malam. Kada ka wahalar da mu.