Jan hanci bayan shekaru a dandali: wa ya taɓa shiga horon?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. An kira ni horon kwana 10 na wasan wawa irin na Turai, wanda ake sa jan hancin roba, wai sai wanda ya daɗe yana tiyatir ake so. Shekarata 18 a dandali. Mu da muka tashi da wasan kara da 'yan kama a Damagaram, wa zai koya mana ban dariya? Wanda ya taɓa shiga ya ba ni labari kafin in amsa.

Ɗan Zango:
Yaya, je ka, amma ka bar shekarun nan 18 a bakin ƙofa tare da takalmanka. Ranar farko mai horon ya ce in fito daga bayan labule, in tsaya, in dubi mutane, kar in yi komai. Ni da na saba a yi dariya tun ban buɗe baki ba, sai na shiga tafiyar tsoho da murguɗa baki. Ko tari ba wanda ya yi. Ya buga 'yar gangarsa, ya ce koma. Sau biyar! A na shida dabara ta ƙare mini, gumi ya karyo, na dubi abokan aikina kamar mai neman ceto, sai ɗaki ya ɓarke da dariya. Ashe abin da ake jira ke nan. Faransawa suna ce masa "bid": wasanka ya faɗi warwas, kuma ka bari a gani a fuskarka ka san ya faɗi. Gangar ma salon Philippe Gaulier ce, wani malamin wasan wawa Bafaranshe, shi ne ya yi suna da katse ɗalibai haka.

Mai wasan rediyo:
Ni murya ce jarina, sai aka hana ni magana kwana uku. Na sha wuya. An faɗa mana Jacques Lecoq, wanda ya buɗe makarantarsa ta tiyatir a Paris a 1956, ya ɗauki hancin nan a matsayin abin rufe fuska mafi ƙanƙanta a duniya, shi ya sa ba a sa shi ko a cire shi gaban 'yan kallo, sai ka juya baya. Wannan duk da sauƙi. Da hotona sanye da hancin ya isa gida, surukata ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Tsohon hannu:
Yarana, kada ku raina na gida. Wawan sarki yana faɗa wa mai gari abin da fadawa ba su isa su faɗa ba, ɗan kama yana wa'azin tuwo da miya da muryar malami, Yazi Dogo ya sa Nijar duka dariya ba da hancin roba ba. Na dai yarda da bambanci guda: a wasan kara wani kake kwaikwayo, ka fake a bayan rawaninsa. A nan ba rawanin kowa, wautarka ce a fili. Amma kwana 10? Mai horo ya hau mota ya tafi, ku kuma ku koma yadda kuke.

Ɗan Mirriya:
Baba, ba duka ke zubewa ba. Na gwada hancin a wani ƙauye wajen wasan faɗakarwa, yara suka watse da kuka, na jefa shi aljihu. Abin da ya zauna mini shi ne duban jama'a bayan kowane motsi, in jira su kafin in ci gaba. Da, wucewa nake kamar ana korata.

Ɗan Birni:
To, na ba da sunana. Ƙanena na Zango, hancin naka yana nan? Ara mini.

Ɗan Zango:
Yana nan, Yaya, robar ce ta tsinke. Ka zo da zare.