Ina masu son daina shan giya ke haɗuwa a Legas?

Ɗan Agege:
Jama'a, salamu alaikum. Shekara 6 ina sha, tun ina gadi a Apapa. Yau kwana 2 ban taɓa ba, hannuna sai rawa yake, barci ya ƙaurace. A Agege kowa ya san kowa, ko liman na kasa tunkara. Akwai inda irinmu ke zama?

Baban Hafsa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Nemi ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous), ta masu taimakon juna wajen daina shan giya, tun 1935 aka kafa ta a Amurka. Ba kuɗin shiga, sunan farko kawai za ka faɗa, abin da aka ji a wurin kuma nan yake tsayawa. Ni ta Zoom na fara, kyamara a rufe, sati 3 ban ce uffan ba. Da Turanci muke yi, amma broka ma tana wucewa.

Hajiya Idi-Araba:
Malam, rawar hannun nan ba wasa ba ce. Yanke giya lokaci guda na iya jawo farfaɗiya. Tafi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yau ɗin nan, suna da sashen masu shaye-shaye.

Ɗan Agege:
Yaba kuma, Hajiya? Za a ce na zautu. To, bari in kira ƙanena ya raka ni.