Lambar rasit ɗaya, mutum biyu: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Na rubuta wa wani mai shagon kayan gini manhajar rasit da yaren C, lamba shida-shida, rand (umarnin da ke canko lamba) ke fitar da su don kada a gane yawan cinikinsa. Ba a rufa wata biyu ba mutum biyu suka zo ɗaukar siminti da lamba ɗaya. Ya kira ni ina cikin trotro, faɗansa har fasinjoji suna ji. Lambobi miliyan guda fa, rasit kuwa bai kai 1,500 ba!

'Yar Aboabo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, miliyan ɗin ce ta ruɗe ka. In ka tara mutum 23, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta haura rabi. Haka naka: cikin miliyan, da ka kai rasit wajen 1,180 yiwuwar karo ta haura rabi, sai ta Allah. Ko bit 32, mai lamba biliyan huɗu da ɗoriya, wajen 77,000 ne. Ni a katin ɗalibai na sha tawa. In kuma a Windows ka haɗa ta, duba RAND_MAX, iyakar lambar da rand ke bayarwa: 32,767 ne kacal, miliyan ɗin ma ba ka taɓa samu ba.

Tsohon Asawase: Tawa ta fi taku ban haushi. Da agogo na shuka srand, mai ba rand mafari, sannan na yi fork, wato manhajar ta haifi kwafin kanta, kowane ɗa ya gaji abin da uban ke riƙe da shi. Su huɗu suna zubo lambobi iri ɗaya, jeri ɗaya, kamar ɗaliban allo suna bin Malam. Kwana uku ina zargin rumbun bayanai. Yanzu getrandom nake kira, mai karɓo cankacanka daga tsarin na'ura, yana Linux tun 2014.

Ɗan Nima: To Baba, in koma UUID ke nan, doguwar lambar shaida da aka tsara don kada ta yi karo?

Tsohon Asawase: Wa zai karanta wa direban tifa haruffa 36 a waya? Nau'insa na huɗu bit 122 ne na cankacanka, karo sai a lissafi, amma ba na rasit ba ne. Kai fa ba cankacanka kake nema ba. Kana son lambar da ba ta maimaituwa, mai kama da cankacanka. Riƙe ƙidaya 1, 2, 3, ka bi da ita ta Feistel, dabarar cakuɗa lamba, zagaye huɗu da mabuɗinka na sirri. Kowace shiga da fitarta ita kaɗai, karo ba zai yiwu ba. A bit 20 za ka samu 1,048,576. Wadda ta kai miliyan ka sake bi da ita har ta faɗo ƙasa.

Mai gyaran waya a Mamobi: Ni LCG na yi, mai fitar da lamba ta gaba daga ta baya da ninkawa da tarawa, bisa sharuɗɗan Hull da Dobell na 1962, tana zagaye duka kafin ta dawo. Sai wani yaron shago ya lura mara, cika, mara, cika take tafiya. Kunya ta kama ni.

'Yar Aboabo: Duk wadda ka ɗauka, rubuta ƙidayar a faifai kafin rasit ya fita. Dumsor ya taɓa ɗauke min wuta, na'ura ta tashi ta koma 1, ta sake raba lambobin safe kaf.

Ɗan Nima: Yaya, tsofaffin 1,500 ɗin fa?

'Yar Aboabo: Zuba su a tebur, sabuwa in ta ci karo da su ka tsallake ta.