Kuɗin tallafin talakawa: wa ya taɓa karɓa a Kebbi?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. An rubuta sunan gwaggona da ke ƙauye a rajistar talakawa tun zamanin Buhari, har yau ko sisi. Wanda ya karɓa, ko ya ga an karɓa da idonsa, ya faɗa mana yadda abin yake. Ban da ji-ta-ji-ta don Allah.

Wata uwa, Argungu:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni na karɓa. Naira 5,000 ce a wata, amma sai an yi wata biyu a haɗa mana 10,000 a hannu. A filin firamare muke zama tun hantsi, kowace da katinta mai hoto ƙulle a bakin zane. Sun ce mu haɗa ƙungiya, muka kafa adashe. Da kwasata ta zo na sayi shanshera, in turara, in shanya, in kai inji, in auna a kasuwa. Da haka na sayi tunkiya. Kuɗin ba su da yawa, amma mun san ranar zuwansu, har mai shago yana ba mu bashi a kansu. Da biyan ya fara tsallake watanni sai adashen ya watse, don ba wadda za ta ɗauki alkawarin zubi da kuɗin da ba ta san ranarsu ba. Tunkiyar ma asibiti ya cinye ta.

Malamin makaranta, Jega:
Inna ta taɓo inda ke ciwo. Shirin ya soma a 2016 da rancen Bankin Duniya, daga baya aka zuba masa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido. Shiga rajista daban, shiga jerin masu karɓa daban, nan mutane ke ruɗewa. A ƙauyen da nake koyarwa an tara maza gefe, mata gefe, matasa gefe, kowane rukuni ya lissafa gidajen da suka fi talauci. Abin mamaki, jerin mata ya fi na kowa gaskiya, su suka san gidan da ba a hura wuta ba. Ni dai da za a ji tawa, a yi irin na Habasha: tun 2005 ake biyan mai ƙarfi ladan aikin gayya, a ba gajiyayye kyauta, shekara bayan shekara.

Mai POS, Yawuri:
Na 2023 fa, wanda aka ce 25,000 sau uku bayan cire tallafin mai, ta asusu yake zuwa, kuma sai da NIN. Tsofaffi na zuwa rumfata a duba musu, sai ka tarar layin da aka rubuta na jika ne, jikan kuma yana Legas. Wasu sau ɗaya suka ga alat.

Manomi, Bagudo:
Mu da ambaliyar 2020 ta cinye mana shinkafa, zakkar maƙwabtan tudu ce ta kai mu kaka. Sunana ma ba a rubuta ba, ranar ina fadama.

Mai tambaya:
Na gode. Yaya mai POS, idan layin da aka rubuta mata ya ɓace, katin NIN ɗinta kaɗai ya isa a duba, ko sai na kawo ta da kanta?