An kira ni mukabala a majistir ɗin anzima, daga ina zan fara?

Mai tambaya, daga Makka:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama digirin farko a Shari'a, na nemi gurbin majistir (digiri na biyu) a fannin anzima, wato rubutattun dokokin Saudiyya, yanzu saƙo ya shigo cewa in je mukabala. Wallahi tun da na gani hankalina bai kwanta ba. A nan aka haife ni, Larabcin Hijaz ne a bakina, da zarar na tsorata shi ke riga fusha (daidaitaccen Larabci) fitowa. Fiƙihu na karanta daidai gwargwado, amma sababbin dokokin nan ba mu zurfafa a kansu ba. Don Allah wanda ya taɓa zama gaban irin wannan kwamiti ya taimaka min.

Wani ɗalibin digiri na uku a Riyad:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka. Ajiye takardun taƙaitawa da ake yawo da su a WhatsApp, ki sauko da dokokin kansu. Fara da dokar mu'amaloli ta 2023. Karanta sashe na 1 da kyau, domin shi ya faɗi inda alƙali zai nufa idan bai samu nassi ba: ƙa'idojin da ke ƙarshen dokar, sannan hukuncin Shari'a da ya fi dacewa da ita. Daga nan ki tsallaka sashe na 720, za ki tarar da ƙa'idoji 41, irin su "yaƙini ba ya gushewa da shakka" da "al'ada abar hukunci ce". Duk kin yi su a aji. Nan ƙarfinki yake, don malaman nan so suke su ga ko za ki iya ɗauko mas'ala daga littafin fiƙihu ki nuna musu gurbinta a rubutacciyar doka. Idan lokaci ya rage, duba dokar iyali ta 2022, musamman batun ɗaura auren wanda bai kai shekara 18 ba sai da izinin kotu, da kuma yadda dokar shaida ta karɓi hujjar da ke cikin waya ko kwamfuta.

Wata 'yar'uwa mai aiki a ofishin lauyoyi, Jidda:
Malam ya yi gaskiya, amma ni ba karatun nake jiye miki ba. Tambayar da ke kayar da irinmu ita ce, "Idan kin gama me za ki yi da shi?" Mu baƙi masu iƙama (takardar izinin zama) lasisin lauya ba namu ba ne, sai dai aikin ba da shawara a ofisoshi da kamfanoni, ko koyarwa, ko komawa gida. Sun san haka sarai. Kada ki ce musu za ki tsaya a kotu, ki zo da amsa ta gaskiya wadda kika yi tunani a kanta. Batun harshe kuwa, kullum bayan isha'i zaunar da ƙaninki ya jefo miki tambaya, ki amsa da fusha, ki naɗa a waya ki saurara. Ki ƙirga sau nawa kalmomin Larabcin gida irin su "ya'ani" da "kida" suka kuɓuce miki.

Wani dattijo, tsohon malami:
'Yata, idan an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, sannan ki faɗi inda za ki nemo. Kada ki yi kame-kame. Kuma ki san tsarin kotuna a ka: na farko, na ɗaukaka ƙara, kotun ƙoli, da cewa ƙarar hukumar gwamnati Diwanul Mazalim ake kai ta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, a gida Malikiyya muke bi. Idan suka tambayi mas'alar da muka saɓa da Hanabila, mazhabar da ake bi a nan, fa?

Dattijon:
Kawo ra'ayoyin biyu da hujjar kowanne, ki rufe da wanda dokar ta ɗauka. Ki shirya misali ɗaya daga babin ciniki tun yanzu, ki turo min in duba miki kafin ranar.